Daga Tiga zuwa Tamburawa: Yinin da muka bi sawun kogi



Duk wanda ya kai aji biyar a firamare ya haddace cewa manyan kogunan Najeriya biyu ne, Neja da Binuwai, kuma a Lakwaja suka haɗu kafin su gangara teku. Su ne ma farin zanen nan mai rassa biyu da ke tsakiyar tambarin ƙasa. Amma da za ka tsayar da ɗan makaranta a Kano ka tambaye shi sunan kogin da ake jawo ruwan famfon unguwarsu daga gare shi, ko wanda ya shayar da tumatirin da aka yi miya da shi jiya a gidansu, da wuya ka samu amsa. Ya san na Lakwaja, bai san na bayan gari ba.

Wannan ne ya sa mu malaman aji biyar da na shida na wata firamare a cikin birnin Kano muka shirya wa ɗalibanmu tafiyar yini guda a watan Fabrairu. Muka tsara mu fara daga madatsar ruwa ta Tiga, mu biyo ruwan ta gonakin rani na Kadawa, mu ƙare a Tamburawa, inda ruwan ke kusantar birni.

Iyaye ba su amince nan take ba, kuma suna da hujja. Mutanen Kano ba su manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, lokacin da jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Allah Ya jiƙansu. Saboda haka a takardar da Hedimasta ya aika gidaje muka rubuta sharuɗɗa uku: babu mai shiga kwale-kwale, babu mai tsoma ƙafa a ruwa, kuma kowane malami zai riƙe yara takwas, ba zai bari su ɓace wa idonsa ba. Yara 40 aka bari suka zo, mu kuma mu biyar ne. Kayan aikinmu ba masu tsada ba ne: igiya mai tsawon mita 10, gorunan roba uku da babu komai ciki, bokiti, kofuna, ƙullin alif, ƙullin shuɗin wanki, sai littafi da fensir a hannun kowa. Ruwan sha daga gida muka taho da shi.

Tiga: inda aka tare kogi

Da ƙarfe bakwai da rabi motocinmu biyu suka hau titin Zariya. Da muka zo gadar Tamburawa yara suka ruɗe da ihu suna leƙe ta taga, muka ce su yi haƙuri, nan za mu yi la'asar. Muka wuce Kura, daga baya muka bar babban titi muka bi ta Bagauda. Tafiyar kimanin kilomita 70 ce kudu da birni.

Duk surutun da aka sha a mota, da muka hau kan bangon dam ɗin sai wuri ya yi tsit. Ruwa ne shimfiɗe iya ganin ido, ga duwatsu sun ɗago kai daga cikinsa nan da can, masunta kuma daga nesa kamar ƙudaje a kan faranti. Iskar hunturu na kaɗawa, hazo ya ɓoye ɗaya gaɓar. Wani yaro ɗan aji biyar ya matso ya ja hannun rigar malaminsa.

"Malam, wannan shi ne tekun?"

"Ba teku ba ne. Kogi ne aka tare masa hanya."

Wani ma'aikacin wurin, dattijo mai haƙuri da tambayar yara, shi ya zagaya da mu. Abin da muke tsaye a kansa tulin ƙasa ne da duwatsu da aka danne, tsawonsa kusan kilomita 6, tsayinsa kuma mita 48 a inda ya fi tsayi. An gina shi tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a daidai shekarun da fari ya addabi Arewa da ƙasashen Sahel. Manufar ita ce a riƙe ruwan damina, wanda a da yakan wuce cikin 'yan watanni, domin a yi noma da shi da rani, birni kuma ya samu na sha. Idan tafkin ya cika yakan rufe kimanin murabba'in kilomita 178.

Domin yara su gane yawan ruwan, muka ce su ƙaddara wani akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Cikinsa lita 1,000 ne, wato jarka 40 irin ta 'yan ga-ruwa mai cin lita 25. Lokacin da aka gina Tiga, an tsara ya ɗauki irin wannan akwati kusan biliyan 2. Wata yarinya ta duƙa a kan littafinta ta ninka, ta ɗago ta ce jarka kusan biliyan 80 ke nan, ta ƙara da cewa ko duk 'yan ga-ruwan Kano sun taru ba za su kwashe ba. Dattijon ya yi dariya, ya ce akwai mai kwasar da ya fi su, ya nuna sama da yatsa. Rana da iska suna ɗauke ruwa daga fuskar tafkin kullum, kuma abin da suke ɗaukewa a shekara ya fi wanda sama ke zubarwa a kansa. Ya kuma tuna mana cewa bangon ƙasa yana son kulawa, domin a watan Agustan 1988 dam ɗin Bagauda da muka wuce ya ɓalle bayan mamakon ruwan sama, ya yi ɓarna mai yawa.

Sai tambayar da muka zo dominta: daga ina duk wannan ruwa yake? Kogin da aka tare sunansa Kogin Kano. Mafarinsa na can kudu, a tuddan da ke gangarowa daga tsaunukan Jos. Ƙananan ƙoramu ne ke haɗuwa su zama rafi, rafuka su haɗu su zama kogi, ya ratso dajin Falgore ya faɗo Tiga. Shi ya sa Bahaushe ya ce kogi ba ya ƙin yayyafi.

A nan Malamar aji shida ta kife tafin hannunta, ta ɗiga ruwa a kan ƙashin yatsa, yara suka ga wani ya gangara dama, wani hagu. Ta ce haka tsaunukan Jos suke. Ɗigon ruwan sama biyu za su iya sauka kusa da juna, ɗaya ya bi Kogin Kaduna ya shiga Neja ya tafi Tekun Atilantika, ɗayan kuma ya biyo Kogin Kano ya nufi arewa maso gabas. Wannan na biyun ba zai taɓa ganin teku ba. Ƙarshen tafiyarsa, idan ya kai, Tafkin Chadi ne, wanda ba shi da mafita zuwa kowane teku. Yara da yawa sun rubuta wannan a littafinsu sun ja masa layi, domin sun taso da jin cewa kowane kogi teku yake zuwa.

Kafin mu sauka, dattijon ya nuna mana ƙofofin da ake sakin ruwa. Wani ana sakinsa cikin tsohuwar hanyar kogin, wani kuma cikin babbar magudanar da aka haƙa domin gonaki. Shi da kansa ya cika mana gora ta farko, muka rubuta "Tiga" a jikinta.

Kadawa: lissafi a bakin magudana

Magudanar nan muka biyo. Takan bi ta tafkin Ruwan Kanya, sannan ta rarrabu zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Wanda ya bar busasshiyar ƙasa da karan dawa a tsaye, ya shigo Kadawa a watan Fabrairu, sai ya ɗauka damina ce ta manta da wani yanki ba ta tafi ba. Alkama kore shar, tumatir ya yi ja a jikin itacensa, ga albasa, ga masara, balbelu kuma na bin bayan masu ban-ruwa. A bakin titi kwanduna ne jere, ana lodin manyan motoci daga kasuwar Kwanar Gafan zuwa Legas da sauran garuruwan kudu.

Muka tsaya gefen wata ƙaramar magudana, muka yi sallama da wani manomi da ke ban-ruwa.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannunku Malamai. 'Yan makaranta ne aka kawo mana? Barkanku da zuwa."

Ya nuna wa yara yadda yake tsoma lanƙwasasshen bututu a magudana, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya ja shi da sauri ya kwantar cikin kwarin kunya, ruwa ya riƙa tsallake gaɓa da kansa babu inji. Ya ce da damina shinkafa yake yi a nan, da rani kuma alkama da tumatir. Kakansa sau ɗaya yake noma a shekara, in an yi girbi sai samari su tafi cin-rani. Shi kuwa bai taɓa zuwa cin-rani ba, ranin ne ma ke kawo masa baƙi.

A nan muka yi aunen gudun ruwa. Muka shimfiɗa igiyarmu mai mita 10 a kan gaɓa. Yaro ɗaya ya tsaya a farkonta ya jefa guntun kara cikin ruwa, yarinya ɗaya ta tsaya a ƙarshenta, idan karan ya iso ta ce "Ya zo!", malami kuma yana duba agogon waya. Sau uku muka yi: sakan 19, sakan 21, sakan 20. Tsaka-tsakinsu sakan 20 ke nan. Idan kara ya ci mita 10 a sakan 20, to rabin mita yake ci a kowane sakan. A awa ɗaya mita 1,800 ke nan, a kwana ɗaya kuma kilomita 43 da 'yan kai. Yaron da ba ya son darasin lissafi shi ya fara kawo amsar, yana tsugune, littafi a kan gwiwa. Wasu kuma suka lura cewa karan da aka jefa tsakiya ya fi na gefe sauri. Dalili shi ne ruwan gefe yana gogar gaɓa da ciyawa, su kuma suna rage masa gudu.

Can gaba kaɗan wasu yaran ƙauyen suna ta tsalle suna faɗawa ruwa, namu kuma suna kallonsu da sha'awa, rana ta fara zafi. Malama ba ta yi faɗa ba. Ta sa sanda ta tono ciyawar gefen ruwa, ta ɗago ta, sai ga wasu ƙananan katantanwa manne, ba su kai ƙwayar gyaɗa ba. Ta ce waɗannan su ne masaukin ƙwayar cutar tsargiya. Idan mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai na fita su ƙyanƙyashe, su shiga jikin katantanwa su girma, su fito su yi ta yawo a ruwa. Ba sai an sha ba, ta fata suke shiga jikin mai wanka ko mai wanki. Bayan wani lokaci sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Manomin ya ce lokacin suna yara ana ɗaukar wannan jini alamar yaro ya fara girma ne. Malama ta ce cuta ce, tana cin mafitsara, tana sa yaro rama da kasala a aji, amma tana da magani a asibiti, kuma akan raba shi a makarantu. Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa kada ya ji kunya, ya gaya wa iyayensa ko malaminsa. Bayan wannan babu wanda ya sake roƙon a bar shi ya tsoma ƙafa.

Muka ɗaura gora ta biyu a igiya muka ɗebo ruwan magudana, muka ci abinci a inuwar mangwaro, muka yi azahar, muka kama hanya.

Tamburawa: goruna uku

Kogin da ke ƙarƙashin gadar Tamburawa shi ne Challawa. Daga yamma yake fitowa, shi ma an tare shi da dam a ƙasar Ƙaraye, wanda aka kammala a 1992. Ba da nisa ba daga gadar yake haɗuwa da Kogin Kano, wato ruwan da muka baro a Tiga da safe. A wannan yanki ne matatar ruwa ta Tamburawa take, wadda ke tura ruwa cikin birni. Wadda ta girme ta, ta Challawa da ke wajen Panshekara, tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero take aiki.

Da rani kogin ba ya cika makwancinsa. Ruwan na bin gefe guda, sauran kuwa yashi ne fari mai faɗi kamar filin ƙwallo. Muka sauka kan yashin, nesa da ruwa, muka tsaya inda kogin ya yi kwana. Muka ce yara su dubi gaɓoɓin biyu su faɗi bambancinsu. Suka ce ta waje a tsaye take kamar an yanka da wuƙa, har saiwar bishiya ta fito fili, ta ciki kuwa a kwance take, cike da yashi. Haka kogi yake yi a kowace kwana: a gefen waje ruwa ya fi gudu, sai ya ci ƙasa; a gefen ciki ya fi sanyin tafiya, sai ya sauke abin da ya ɗauko. Shi ya sa mai gona a bakin kogi zai iya rasa kunya biyu a damina guda, na tsallake kuma ya samu ƙari. Can nesa motocin tifa suna lodin yashi. Ramukan da ake bari idan an kwashe yashi suna cika da ruwa, a ga kamar wuri ne marar zurfi alhali ya shanye babban mutum. Irin waɗannan ramuka na cikin abin da ke cin yara a koguna.

Muka cika gora ta uku, muka jera su a kan dutse. Ta Tiga ta fi haske, domin a tafki ruwa na tsayawa, laka ta kwanta. Ta Kadawa ta ɗan yi duhu. Ta Challawa kuwa kamar kunun kanwa. Muka jefa ɗan alif a cikinta muka girgiza, muka ajiye. Kafin rabin awa datti ya dunƙule ya kwanta a ƙasa, na sama ya yi garau. Wani yaro ya ce to yanzu sai sha. Muka ce a'a. Alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. A matata bayan alif sai an tace ruwan ta cikin yashi, sannan a sa masa sinadarin kulorin. Akwai kuma dattin da ido ba ya gani, irin wanda ke fitowa daga masana'antu da majemun fata na Sharaɗa da Challawa, da kwatocin unguwanni, da takin zamani da maganin feshi na gonaki. Hasken ruwa ba shi ne tsabtarsa ba.

Wani tsohon masunci na zaune a inuwa yana ɗinkin koma. Muka gaishe shi, yara suka durƙusa. Ya buɗe musu ƙwaryarsa yana faɗin sunaye: ga karfasa, ga tarwaɗa mai gashin baki, ga ƙurungu mai ƙaya, a kula da shi. Wata yarinya ta tambaye shi ko kogin haka yake tun yana yaro.

"Ina fa, jikata. Da can in rani ya yi, ƙafe wa yake ƙaf, mu tsallaka da ƙafa, mata su tona yashi su ɗebi ruwa. In damina ta yi kuwa, duk inda kuke tsayen nan sai jirgi. Yanzu ba ya ƙafewa, ba ya kuma yin irin wancan hauka sai jefi-jefi. Amma kifi ya ragu. Wasu ma da gidan sauro suke kamu, su kwashe har 'ya'yan. In ka cinye 'ya'ya bana, me za ka kama baɗi?"

Wasan bokiti

Sauran tafiyar kogin ta fi ƙarfin yini guda, saboda haka muka zana ta a kan yashi da sanda, layi mai tsawon taku 30. Daga mahaɗar nan ruwan yakan wuce Wudil, ya shiga Jihar Jigawa ta Ringim ya kai Haɗeja, kuma da sunan Kogin Haɗeja aka fi saninsa. Daga nan ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru. A wajen Gashuwa ya haɗu da Kogin Jama'are, wanda shi ma daga tsaunukan Jos ya taso ya ratso Jihar Bauchi. Su biyun su zama Komadugu Yobe, ya wuce Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Nijar ta wajen Diffa, sannan ya faɗa Tafkin Chadi.

Muka tsayar da yara a kan layin, kowa da kofi da sunan gari: Kadawa, Kano, Wudil, Ringim, Haɗeja, Nguru, Gashuwa, Gaidam, Diffa. A can ƙarshe muka tsayar da wata 'yar ƙaramar yarinya, ita ce Tafkin Chadi. Wani yaro ya zama Rana, aikinsa ya bi bokiti yana ɗiban kaɗan a kowane zango. Wani ya zama Jama'are, yana jira a Gashuwa da kofi biyu da zai ƙara. Malami ya cika bokiti, ya tsaya a matsayin Tiga, muka ce kowa ya ɗebi yadda yake so ya miƙa gaba.

Kadawa ya ɗebi kofi huɗu, ya ce shi mai shinkafa ne. Kano ya ɗebi biyar, ya ce mutanensa sun fi na kowa yawa. Wudil da Ringim suka ga haka su ma suka zage. Kafin bokiti ya bar Haɗeja ana jin kofi na kankarar gindinsa. Abin da Jama'are ya ƙara bai wuce Gaidam ba. Yarinyar ƙarshe ta leƙa bokiti, ta dubi kofinta, ta ɗaga murya.

"Malam, ni fa?"

Babu wanda ya yi dariya. Muka sake cika bokiti, muka ce wannan karon su yi shawara tukuna. Gardama ta kaure. Kano ya ce ba zai rage ba, Gashuwa ta ce to ita ƙishirwa za ta kashe ta ke nan? Daga ƙarshe suka daidaita a kan kofi bibbiyu, Kano uku. Ruwa ya kai ƙarshen layi. Amma da bokiti ya zo hannun Kano, sai Malama ta faki ido ta zuba ɗan shuɗin wanki. Kofin Kadawa fari tas, na Wudil shuɗi, na Haɗeja shuɗi, har na 'yar Chadi. Ba mu yi wani dogon bayani ba. Su da kansu suka ce datti ba ya komawa sama, na ƙasa yake bi.

Abin da ya faru a kan yashin nan yana faruwa da gaske. Kafin a gina manyan madatsun, ambaliyar damina ce ke cika fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara, a yi shinkafa, in ruwa ya janye a shuka wake da sauransu a kan danshi, masunta su yi kamu, makiyaya su samu ciyawa. Tsuntsaye ma daga Turai suke tasowa su yi hunturu a can, shi ya sa a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayoyin da duniya ta amince a kiyaye. Da aka tare ruwa a sama, ambaliyar nan mai amfani ta ragu. Sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya ba ciyawar kacala damar yaɗuwa, domin a da bushewar rani ce ke kashe ta. Yanzu ta toshe hanyoyin ruwa da dama, wasu garuruwa ruwa ya yi musu yawa ya ci gonaki, wasu kuma ba ya isa gare su. Idan aka yi damina mai ƙarfi irin ta 2022, mutanen Jigawa na cikin waɗanda suka fi shan wahalar ambaliya. Manoman tattasai na Diffa ma da wannan ruwa suke ban-ruwa, ga shi ba ƙasarmu ɗaya ba.

Tafkin Chadi kuwa, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya ragu ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. Mun gaya wa yara gaskiya cewa mafi yawan ruwansa daga kogunan Shari da Lagon yake zuwa, ta ƙasashen Chadi da Kamaru, rabon koginmu kaɗan ne. Amma ga mutumin Gashuwa ko Gaidam, wannan kaɗan ɗin shi ne duka abin da yake da shi. Domin irin shawarar da yaranmu suka yi a kan yashi ne aka kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964, da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976. Tiga ta ciyar da miliyoyin mutane, wannan babu musu. Abin da ya rage shi ne na sama ya riƙa tunawa akwai na ƙasa.

Da za mu hau mota, yaron da ya zama Kano ya shanye ruwan ledarsa, ya ɗaga hannu zai wurga ta gefen gada. Yarinyar da ta zama Gashuwa ta riƙe masa hannu.

"Kai Kano, wallahi kar ka jefo mana!"

Ya sa ledar a aljihu. Har yau sunayen nan ba su bar su ba a makaranta.

Aikin gida

Ga 'yan uwanmu malamai, irin wannan fita ba sai an je Tiga ba. Kowane gari yana da rafi ko fadama ko ƙorama a kusa. A nemi izinin iyaye a rubuce, a fara zuwa a duba wurin kafin a kai yara, a tafi da rani ba da damina ba, kuma a gaisa da masu wurin, domin manomi da masunci sun san abin da babu a littafi.

Ku kuma manyan gobe, ga tambayoyi huɗu. Mene ne sunan ruwan da ya fi kusa da gidanku? Daga ina yake fitowa? Wane gari yake zuwa idan ya wuce ku? Me mutanen unguwarku suke zubawa a cikinsa? Ku tambayi kakanninku yadda yake lokacin suna yara, ku zana taswirarsa, ku kai wa malaminku. Kada kowa ya je bakin ruwa shi kaɗai, sai da babba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.